Daga Ƙasar Ringim Zuwa Zangon Kumasi

A ƙauyukanmu na ƙasar Ringim tafiya ba baƙon abu ba ce. Da zarar an yi girbi, an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, an sayar da ɗan riɗi da zoɓo a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, sai samari su watse zuwa Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, wasu su yi ga-ruwa, wasu acaɓa, wasu gadi, kuma kafin ruwan shuka ya sauka kowa ya dawo ya ɗauki fartanyarsa. Wannan shi ne ci-rani, mun kuwa iya shi tun kaka da kakanni, domin ɗan ci-rani bai rabu da komai ba, gonarsa tana jiransa, iyalinsa suna cikin gandu, kuma duk inda ya sauka a Nijeriya ba wanda zai tambaye shi takardar izinin zama. Ƙaura zuwa wata ƙasa da niyyar zama al'amari ne dabam, amma na lura yawancin samarin da ke zuwa zauren gidanmu suna tambayata labarin Gana, duk lokacin da na zo ganin gida, da mudun ci-rani suke auna ta. Saboda su na ga ya dace in rubuta abin da na tarar tun daga shekarar 2018 da na koma Kumasi da zama.

Sana'ata ɗinki ce, musamman aikin wuyan babbar riga da na kaftani. Baffana, ƙanin mahaifina, ya daɗe a Kumasi tun yana saurayi, ya auri wata 'yar ƙabilar Dagomba, ya haifi 'ya'ya har da jikoki, kuma yana da shagon ɗinki a unguwar Aboabo. Da idonsa ya fara rauni sai ya aiko yana neman wanda zai riƙe masa aikin zare, domin 'ya'yansa sun yi boko sun kama wasu hanyoyi. Mahaifina bai hana ni ba, amma ya kafa sharaɗi guda. Ya ce, "Ka je, Allah ya tsare. Sai dai gonar gabas ka damƙa wa ƙaninka a gaban shaidu, a faɗa a fili cewa aro ce, ba kyauta ba, ba jingina ba, don kada wata rana 'ya'yanka da nasa su tsaya gaban alƙali." Haka aka yi, a gaban mai unguwa da liman. A lokacin wasu na ganin abin ya yi yawa tsakanin wa da ƙane, amma a Zango, wato unguwar baƙi Musulmi ta Kumasi, na sadu da tsofaffi da dama waɗanda ba su da sauran taƙi guda na gona a garuruwansu na asali, ba don an ƙwace da ƙarfi ba, sai don shekaru sun ja, shaidu sun mutu, mai noma ya zama mai gona.

Na yi fasfo a Dutse, na kuma yi allurar rigakafin cutar shawara aka ba ni katin nan mai ruwan ɗorawa. Mutanenmu da yawa suna raina waɗannan takardu biyu, suna cewa ai ƙasashen ECOWAS duk gida ne. Gaskiya ne cewa yarjejeniyar 1979 ta bai wa ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba har tsawon kwana 90, amma damar ta mai takarda ce, wanda ba shi da ita kuwa zai yi ta sayen hanya da kuɗinsa a kowane shinge, kuma ko ya isa ba shi da hatimin da zai nuna ranar da ya shigo, wanda a kansa ake gina duk wata takarda ta gaba.

Hanyoyi biyu ne a gaban mai fita daga Kano. Akwai ta arewa, wadda ke bi ta Maraɗi da Yamai da Wagadugu ta shiga Gana ta Paga, ta gangaro Tamale, ita ce kuma ta fi kusa da sawun fataken da. Tun a wancan lokaci rashin tsaro ya fara lalata yankin da ke tsakanin Nijar da Burkina Faso, yanzu kuwa ƙasashen biyu tare da Mali sun fice daga ECOWAS tun watan Janairun 2025. Ni ta kudu na bi. Daga ƙauye na hau motar kasuwa zuwa Kano, daga nan babbar bas ta kwana tana tafiya ta Kaduna da Abuja da Lakwaja da Ibadan har Legas, inda na sauka wajen 'yan garinmu a Agege na huta. Daga Legas zuwa Akra tafiyar kusan rabin ta Kano zuwa Legas ce a tsawo, amma ta fi ta cin rai, domin iyaka uku mutum zai tsallake. Za a bi ta Badagiri zuwa Seme a shiga Jamhuriyar Benin, a ratsa Kwatano, a bi gaɓar teku har Togo, wadda faɗinta ta bakin ruwa bai kai kilomita 60 ba, sannan a ƙarshen birnin Lome, ba tare da an bar cikin gari ba, sai ga ƙofar Aflawo ta shiga Gana. Kuɗi ya canza sau biyu a yini guda, daga naira zuwa sefa, daga sefa zuwa sidi, harshen hukuma ya koma Faransanci ya sake dawowa Ingilishi, agogo ma ya ja baya da awa ɗaya tun daga iyakar Togo. A tsakanin waɗannan ƙofofi akwai shingaye barkatai inda ake sauke fasinjoji a karɓi abin da ba a rubuta shi a kowace doka ba, kuma na ga yadda sabon fasfo, wanda ba a taɓa buga masa hatimi ba, yake jawo wa mai shi ƙarin kuɗi. Wanda zai bi hanyar nan ya tanadi canji ƙanana, ya raba su aljihu-aljihu, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga 'yan kamashon da ke tare mutane da alkawarin tsallakar da su.

Bayan Aflawo mun haye kogin Bolta a Sogakofe, muka wuce Tema muka shiga Akra. Kumasi tana da nisan kusan kilomita 250 daga nan, kuma a wannan hanyar ce na fara ganin kurmi na gaskiya, itatuwa dogaye da suka rufe sama, gonakin koko da agade a ƙarƙashinsu, ƙasa ja jiƙaƙƙiya. Mutumin da ya tashi a jigawa, inda ido ke hango kuka daga nisan tafiyar awa guda, sai ya ji kamar an rufe shi a ɗaki.

Da na sauka a Zango, abin da ya fara shiga kunnena Hausa ce. Mai shayi da Hausa ya gaishe ni, yaran da suka ɗauki jakata da Hausa suke faɗa, ladan ya kira salla, aka fito da koko da ƙosai da safe, da dare ga mai tsire a bakin titi. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san tarihin fataucin goro. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun ɗauki ƙarnoni suna tasowa daga ƙasar Kano da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su nufi Gwanja su sayo goro a kasuwar Salaga. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwarta suka bazu zuwa wasu garuruwa, zanguna suka yi ta girma a Kumasi da Akra da sauransu. Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, a wannan ƙasa ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa da kasuwancin goronsa kafin ya zama attajirin da aka sani a Kano. Sai dai ba duk mai jin Hausa a Zango ne Bahaushe ba. Akwai Dagomba da Mosi da Zabarmawa da Kotokoli da Wangara da Fulani da Yarabawa, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa ce kawai ta haɗa su. Hausar tasu ma ta bi nata tafarki, ba su cika bambanta namiji da mace a magana ba, sai ka ji an ce "matata ya tafi kasuwa", kuma sun cuɗa ta da Tuwi, harshen mutanen gari, da Ingilishi. Su kuma tawa suke yi wa dariya, suna cewa ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

A nan ne haɗarin yake. Wanda ya tafi Turai ko ƙasar Larabawa, sanyi ko harshe zai riƙa tuna masa kullum cewa shi baƙo ne, saboda haka zai kula da takardunsa. Wanda ya sauka a Zango kuwa komai yana gaya masa cewa gida ya zo, har ya saki jiki kwana 90 su wuce bai sani ba. Baffa ne ya zaunar da ni tun makon farko. Ya ce, "Ɗana, unguwa ta karɓe ka, amma unguwa ba ita ce gwamnati ba. Kada daɗin gaisuwa ya sa ka manta da hatimin da ke cikin fasfonka." Sannan ya kai ni wajen wasu dattawa da suka ga abin da ya faru a watan Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a can, waɗanda ba su taɓa ganin Nijeriya ko Nijar ba, suka sayar da gidaje da shaguna a wulaƙance suka hau manyan motoci. Dattawan ba su ba da labarin da ɗaci ba, domin sun san mu ma a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mun kori baƙi marasa takarda, ciki har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Abin da na fahimta daga bakinsu shi ne, a duka lokutan biyu tattalin arziki ne ya tsananta, kuma idan abinci ya yi ƙaranci baƙo ake fara dubawa.

Takardun da ake bukata ba su da wuyar fahimta, kuɗi da haƙuri suke ci. Akwai katin shaida na baƙi, wanda a lokacin da na yi nawa dala 120 ne, sabuntawar kowace shekara kuma dala 60 ce a lokacin, kuma da shi ake rajistar layin waya da buɗe asusun banki. Bayansa sai izinin zama da na aiki daga hukumar shige da fice, wanda ke bukatar wani tsayayye ya tsaya wa mutum, shi ma kuma sabunta shi ake yi. Duk wanda ke lissafin ribar da zai samu a wata ƙasa bai sa waɗannan kuɗaɗe na shekara-shekara a ciki ba, lissafinsa bai cika ba.

Abin da ya fi ba mutanenmu mamaki shi ne dokar kasuwanci. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu sana'o'i, daga ciki akwai sayar da kaya a kasuwa, da talla, da kasa kaya a rumfa, da aski da gyaran gashi, da sayar da ruwan leda, da tasi idan motocin ba su kai 25 ba. Baƙon da ke son yin saye da sayarwa da sunansa, dokar ta ce sai ya zo da jarin dala miliyan ɗaya ya kuma ɗauki 'yan ƙasa ƙwararru 20 aiki. A duba wannan jeri da kyau, za a ga kusan duk abin da ɗan ci-rani ya saba yi a Legas yana ciki. Ba kullum ake aiki da dokar ba, shekaru kan wuce ba a ce uffan ba, amma a 2019 ina Kumasi rikici ya tashi aka rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama, musamman masu sayar da kayan gyaran mota a Suwame, kuma rufe iyakokin da Nijeriya ta yi a watan Agustan wannan shekara, wanda ya tsare kayan 'yan kasuwar Gana a hanya, ya ƙara wa wutar mai. Mu abin bai taɓa mu ba, domin shagon Baffa da sunan babban ɗansa yake, shi kuwa ɗan ƙasa ne ta wajen uwa. Wannan ma darasi ne: haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Haka kuma tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar fili har abada, iyakarsa haya ta shekara 50, kuma a ƙasar Ashanti, inda Kumasi take, yawancin filaye a hannun sarakunan gargajiya suke. Ana ta maganar sauya wasu daga cikin dokokin kasuwancin, don haka mai niyyar tafiya ya bincika halin da ake ciki a shekarar da zai tashi, kada ya dogara da labarin wanda ya je shekara goma da suka wuce.

Sai batun muhalli. A ƙauyenmu saurayin da zai yi aure fili ake yanka masa a cikin gida, 'yan'uwa su taru a yi gayya a buga tubali. A Kumasi ɗaki guda a gidan haya, mai tsakar gida ɗaya da banɗaki ɗaya ga iyalai da yawa, sai an biya kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule kafin a ba da makulli, duk da cewa dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da na wata shida ba. Ga kuɗin dillali, ga mitar lantarki ta kati da ake rabawa tsakanin 'yan haya, wadda ba ta rasa jawo husuma a ƙarshen wata. Wasu gidajen ma ba su da banɗaki, sai na unguwa da ake biya a shiga. Na zauna a shagon Baffa ina kwana a kan teburin yanka har na tara kuɗin ɗaki, sannan na aika aka kawo maiɗakina.

Ita ce ta fi ni shan wuyar sauyin, kuma ina ganin maza ba sa yin wannan lissafi yadda ya kamata. Ta taso a gidan da namiji baligi ba ya wuce zaure sai da sallama da izini, ga ta yanzu a tsakar gidan da maƙwabcinta namiji ne, wani ma ba Musulmi ba, kowa na wanki da girki a fili ɗaya. Babu uwa, babu ƙanwa, babu ƙawayen da aka yi wasan gaɗa tare. Matan Zango kuwa 'yan kasuwa ne na gaske, su ke riƙe da sayar da wake da shinkafa da tuwo da atamfa, suna fita tun asuba, kuma da farko kallon marar lafiya suka riƙa yi mata saboda zaman ɗaki. Wata rana ta ce da ni, "Malam, ni ba yunwa nake ji ba, ba kuma ƙishi ba, amma tun safe ban yi magana da kowa ba sai kai." Matar Baffa ce, Allah ya saka mata da alheri, ta jawo ta jiki, ta sa ta cikin adashin matan unguwa, ta riƙa tafiya da ita suna da biki, har ta fara dama fura tana bai wa yara suna kaiwa shaguna. Furar ta karɓu, domin hannun wadda ta tashi a kan gero daban ne. Sai dai geron daga arewacin ƙasar ake kawo shi, yana da tsada, abincin gari kuwa rogo ne da agade da doya da masara, wato fufu da banku da dokunu, da miyar manja ko ta gyaɗa. Ciki yakan saba, amma ba a wata ɗaya ba.

Yanayi ma sai da muka koye shi. Damina biyu ake yi a Kumasi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba, iska kuma a jiƙe take kusan duk shekara. Wanki ba ya bushewa da wuri, takalmin fata yakan yi funfuna a ƙarƙashin gado, kuma a sana'ata na ga yadda shadda ke ɗaukar wari idan aka ajiye ta a rufe, abin da ban taɓa tunaninsa a gida ba. Sauro ba shi da lokaci, don haka zazzaɓin da muke sa ran zuwansa da damina a can ba ya ɗaukar hutu. Gana tana da inshorar lafiya ta ƙasa tun 2003, baƙo mai cikakkiyar takarda yana iya shiga, kuma nan ma an koma kan takarda.

Game da kuɗi, abu biyu zan ambata. Na farko, a 2007 an cire sifili huɗu daga sidi, amma har yau mutane da yawa da tsohon lissafi suke ciniki, sai mai kaya ya ce miliyan ɗaya alhali sidi 100 yake nufi, kuma baƙo yakan ruɗe ko ya firgita kafin ya gane. Na biyu ya fi muhimmanci. Mai zaman waje da kuɗi biyu yake rayuwa, wanda yake samu da wanda ake kashewa a gida, kuma ba shi da iko da ko ɗaya. A 2022 sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a watan Disamba, abin da nake aikawa gida ya ragu ba don na rage aiki ba. Da aka saki naira a tsakiyar 2023 darajarta ta faɗi, sai lamarin ya juya, ɗan abin da na tura ya riƙa yin auki a ƙauye. Mutanen gida ba sa ganin wannan hawa da sauka, abin da suka sani shi ne wane yana ƙasar waje. Kuɗin taki, da gudummawar biki, da maganin Inna, da rufin masallaci, da kuɗin jarrabawar ɗan ƙanwa, duk waya ɗaya ake bugawa. Ban ga laifinsu ba, domin da ina gida da jikina zan yi wasu daga cikin hidimomin nan, in yi noma a gandu, in kai marar lafiya asibitin Ringim, wanda ya yi nisa kuwa ba shi da abin bayarwa sai kuɗi. Abin da ya taimake ni shi ne na yanke wani abu sananne da nake tura wa mahaifina duk wata, na kuma gaya wa kowa cewa ta hannunsa komai zai bi.

Zama da mutanen gari bai yi mini wuya ba. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar, Kirista sun haura kashi 70, don haka a karon farko na ɗanɗana zama cikin marasa rinjaye. Juma'a ranar aiki ce, kiɗan coci yakan kwana yana tashi, kuma ranar Asabar tituna kan cika da masu jana'iza cikin baƙi da ja, domin Ashanti sukan ajiye gawa makonni a asibiti kafin a yi mata gagarumin taro, abin da ke ɗaure wa wanda ya saba da binnewa kafin rana ta faɗi kai. Duk da haka ana hutun salla ƙarama da babba a ƙasa baki ɗaya, kuma Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, yana da girma a idon kowa, har ya halarci coci a Akra a 2019 lokacin cikarsa shekara ɗari. Ashanti mutane ne masu riƙo da sarautarsu, Sarkinsu Otumfuo Osei Tutu na Biyu yana kan gado tun 1999, kuma baƙon da ya koyi gaisuwa da Tuwi, ya san ana fara miƙa hannu daga dama a cikin taro, ya kuma kiyaye harshensa a kan sarauta da siyasar jam'iyyu, zai zauna lafiya. Ni ban taɓa sa baki a zancen zaɓensu ba, ko da abokan aiki sun ja ni, domin ba ni da ƙuri'a a can.

Jarrabawa mafi girma ta zo a watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa Gana ta rufe iyakokinta. Filin jirgin sama na Akra ya buɗe a watan Satumba, Nijeriya ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum a watan Disamba, amma iyakokin Gana na ƙasa ba su buɗe ba sai ƙarshen Maris na 2022. Shekara biyu ke nan talaka, wanda ba shi da kuɗin jirgi da na gwaji, ba shi da halattacciyar hanyar zuwa gida. A cikin wannan tsakani kakata ta rasu, aka aurar da ƙanwata, aka yi ambaliyar da ta ci gonakin fadama, duk ta waya na ji. Na karɓi gaisuwar kakata a ƙofar shago, mutanen Zango suka zo suka yi addu'a kamar sun san ta, amma ban ga kabarinta ba sai bayan ciyawa ta rufe shi. Kafin in tashi daga gida ina ɗaukar cewa duk ranar da aka bukace ni mota kawai zan hau.

A cikin waɗannan shekaru ne aka haifa mana 'ya a Kumasi. Takardar haihuwarta ta Gana ce, amma ita 'yar Nijeriya ce, don haka kafin mu kawo ta ga kakanninta sai da na je ofishin jakadancinmu a Akra na yi mata fasfo, ita ma kuma tana bukatar nata izinin zama a ƙasar da aka haife ta. Yanzu ta shiga makaranta, tana jin Tuwi fiye da ni, Hausarta ta Zango ce, kuma da muka zo gida da rani kakarta ta yi ta gyara mata magana tana dariya. Mahaifina yana son idan ta kai shekara bakwai a bar ta a ƙauye ta yi allo tare da 'yan'uwanta, ta san dangi, kada ta zama kamar 'ya'yan Baffa waɗanda ba su san hanyar garin ubansu ba. Mahaifiyarta ba ta son rabuwa da ita, kuma tana ganin karatun boko na can ya fi na makarantar ƙauyenmu inganci. Mun bar maganar a kan cewa za a sake zama a kanta bayan girbin baɗi, lokacin da izinin zamanmu zai zo sabuntawa.